Ranar da Hawaldar Ya Miƙe Tsaye

A takardar gwamnati ni ce mai jinyar Hawaldar Khushal Singh, tsohon soja; Hawaldar muƙaminsa ne, kamar saje. Sunana ne a wurin, Kashti Devi, da zanen babban yatsana a ƙasa, kuma babu wanda ya murɗe mini hannu ranar da na fara dangwalawa. Na faɗi wannan tun farko don kada wani ya ji abin da zan faɗa a kan Bhupal da matarsa ya ɗauka ni wankakkiya ce.

Bhupal shi ne ɗan Hawaldar, shi kaɗai ya rage masa a ƙauye. Shi ya zo gidana da takardar, mako biyu bayan an dawo da tsohon daga asibitin soja da ɓarin jikinsa na hagu a shanye. Ya ce gwamnati na ba tsohon soja irin babansa wani tallafi bayan fansho, na ɗaukar mai jinya, muddin ba ya iya tashi ko zagayawa da kansa. Ya ce suna kawai ake so, na wanda ba ɗan gida ba. Ya kawo mini mayafin ulu da gwangwanin man girki, na karɓa. Amma ni mace ce mai taurin kai, kuma mijina marigayi bataliya ɗaya suka yi da Hawaldar. Hawaldar ne ma ya rako akwatin gawar mijin nawa har ƙofar gidana. Na ce tunda an rubuta ni mai jinya, to jinyar zan yi.

Likitan asibitin ya ja musu kunne, Bhupal da bakinsa ya faɗa mana, cewa a riƙa murza ƙafar ana tayar da shi kullum, in aka bar ta ta saba da kwanciya za ta ƙandare. To kowace safiya, da na gama tatsar ɓaunata, wadda a wajenmu ake kiwonta kamar saniya, sai in tsallaka gonar da ke tsakaninmu da kwalbar man mastad, man da muke murza jiki da shi. Ɗakinsa na ƙasa ne, ƙofarsa na kallon tsakar gida, gadonsa na igiya ne mai dogayen ƙafafu. Daga bakin gadon yake kama ƙarfen taga da hannun dama ya ja jikinsa sama, ni kuma in miƙa masa sandarsa. Ƙafar hagun ba ya kiranta ƙafa, kurtu yake ce mata. Zagin da take sha a bakinsa ko kurtun gaske aka yi wa sai ya gudu gida.

"Kai kurtu, uban wa ya ba ka hutu? Na ce hagu, kana kallona."

Taku uku muka fara. Kafin alkama ta nuna yana yin goma sha biyu, har ya kai bishiyar lemon da ke bakin tsakar gida ya jingina yana haki yana dariya da rabin baki. Burinsa bai wuce shagon shayin da ke bakin titi ba, inda tsofaffin sojojin ƙauyenmu ke zama suna maimaita yaƙin da suka riga suka ci sau dubu. Daga gidansa zuwa titin hawa ne na matakalar dutse. Ya rantse kafin bikin fitilu zai hau ta da ƙafarsa, ya zauna a bencinsa, ya ƙaryata duk wanda ya ƙara gishiri a labari tun da ya kwanta.

Sai saƙo ya zo cewa mutanen ofishin kula da tsofaffin sojoji za su zo duba shi.

Kwana uku Bhupal ya yi a bakin gadon yana koya wa ubansa yadda ake zama gawa. Ya ce kwanciya kawai zai yi, in an yi magana kada ya amsa, akwai mai amsawa. Hawaldar ya tambaye shi ko ƙarya yake so ya yi wa ofis. Bhupal ya ce ba ƙarya ba ce, shiru ne, ai dai bai warke ba. Rewati, matar Bhupal, ta ɗauke reza da madubi, mutumin da bai taɓa barin rana ta fito masa da gashi a haɓa ba aka bar shi buzu-buzu. Ta tura sandar ƙarƙashin gado, ta lulluɓe shi da bargon da ya fi kowane tsufa a gidan. Ya bi su da ido. Ni ma an ce in zo in tsaya, tunda ni ce mai jinya, in yi fuskar tausayi.

Wanda ya zo wani Kanar ne mai ritaya, Pangti, da akawunsa riƙe da fayil. Tun yana saukowa matakala na ga yatsun Hawaldar suna motsi a ƙarƙashin bargo, ƙarar takalmin yake saurare. Da Kanar ya sunkuyo ya shigo ɗakin, hularsa ɗauke da tambarin rundunarsu, sai kawai na ga bargo a ƙasa. Tsohon ya zuro ƙafafu, ya cafki ƙarfen taga, ya miƙe. Ya saki ƙarfen, ya ƙame, ya sara. Gwiwar hagun na rawa amma tana riƙe da shi.

"Hawaldar Khushal Singh, kamfani na uku, yallaɓai."

"Sannu, Hawaldar. Akwai matsala?"

"Babu matsala, yallaɓai."

Duk matar soja ta san wannan amsar. Ko hanjinsu na waje, in hafsa ya tambaya, babu matsala. Bhupal ne kaɗai a ƙauyen nan ya yi zaton kwana uku na raɗa za su goge shekara ashirin da huɗu na fareti.

Kanar ya ji daɗi ƙwarai. Ya sa aka zaro sandar, Hawaldar ya taka har bishiyar lemo ya dawo, taku ashirin da wani abu, abin da bai taɓa yi ba. Kanar ya dafa kafaɗar Bhupal ya ce ɗa nagari ke nan, ya juyo ya yaba mini. Sannan ya ce tallafin zai ci gaba zuwa bayan damina, a lokacin za su dawo da likita a sake dubawa, kuma in aka ci gaba a haka ba za a ƙara buƙatar mai jinya ba, Hawaldar da ƙafarsa zai je ofis su sha shayi tare. Bhupal ya yi murmushi irin na wanda ya tauna tsakuwa a cikin shinkafa a gaban surukai.

Ƙarar motarsu ba ta gama ɓacewa ba ya juyo kan tsohon.

"Ka ji daɗi, Baba? An yaba maka? Shekara ashirin da huɗu ka ba su, ƙarfen yaƙinsu na nan a cinyarka har yau. Ranar da za su biya kaɗan daga ciki sai ka tashi kana yi musu fareti."

"Hafsa ya shigo ɗaki, Bhupal. Ba a kwanciya."

"To hafsan ya zo ya riƙa kwashe maka kashi."

Rewati ta matso. Ta ɗauki kofin shayin da aka zuba wa tsohon bai sha ba, ta watsar a tsakar gida.

Ba a rana ɗaya suka yi ba, kuma kowane mataki da dalilinsa mai kyau. Sanda ce ta fara ɓata. Aka ce wataƙila birai ne suka ɗauka, wai yanzu biran dutsen nan har sanda suke buƙata. Bayan kwana huɗu na gan ta a bayan gida, an kafa ta an ɗaure mata yaɗon kabewa. Na tsige ta na kawo masa. Washegari ta koma jikin kabewar, an ƙara mata igiya.

Sai aka ce ɗakin ƙasa akwai danshi, ga warin dabbobi, bai dace da uban gida ba. Bhupal ya goya shi ya hau da shi bene, maƙwabta na kallo suna sa masa albarka. Matakalar benen nan ta katako ce, a tsaye take, mai lafiya ma da hannu yake kama ta. Da aka kai shi sama ba a kai gadonsa ba. Aka shimfiɗa masa katifa a ƙasa, tsakiyar ɗaki, nesa da taga, nesa da bango. Rewati ta ce tsoron faɗowa suke yi, in ya karye a ƙugu wa zai ɗauke shi zuwa titi. Duk wanda ya taɓa jinyar mai shanyewar jiki ya san abin da wannan ke nufi. Daga bakin gado mutum yana miƙewa da ƙafa ɗaya da hannu ɗaya. Daga ƙasa ba ya miƙewa sai an ɗaga shi. Aka kuma sa sakata ta waje, saboda birai.

Ni kuwa da al'ada aka kore ni. A wajenmu mace ba ta taɓa jikin yayan mijinta, ko inuwarsa ba ta cika takawa ba, kuma mijina ƙani yake ga Hawaldar a lissafin dangi na nesa. Wata biyu ina murza masa ƙafa a gaban kowa babu wanda ya tuna da wannan. Rana ɗaya Rewati ta tuna, a bakin maɓuɓɓuga, inda mata suka fi yawa. Ta ce ita kunya ce ta hana ta magana, amma gwauruwa ta riƙa shafa cinyar yayan mijinta kullum da safe, abin ya fara isarta. Da yamma Bhupal ya tare ni a kan iyakar gona da murya mai sanyi.

"Inna, ki huta haka. Kin yi ƙoƙari. Sunanki kawai muka roƙa, ba ƙarfinki ba."

Al'adar nan kuwa ta yi musu rana ta kowane ɓangare. Rewati suruka ce, ita ma ba ta taɓa jikin uban mijinta, sai dai ta tura masa faranti daga bakin ƙofa. Bhupal kaɗai ke da izinin ɗaga shi, Bhupal kuma kullum yana cikin gari da katin kantin soja na ubansa, yana karɓo giyar da aka ware wa tsohon. Ba a ƙara maganar ɗaukar wani mai jinya ba, tunda ga ni nan a takarda.

Damina ta sauka. Daga gidana ina jin muryarsa da safe, yana ba kurtu umarni, hagu, dama, hagu. Daga baya na gane a kwance yake yi, yana ɗaga ƙafar da hannunsa mai lafiya. Makonnin farko muryar na ratsa ruwan sama ta iso har wurin tatsata. Sannu a hankali ta koma sai na kasa kunne. Wata safiya na gama tatsa na lura ban ji komai ba.

Na hau titi na sami tsofaffin sojojin a shagon shayi. Na yi magana da Subedar Jodh Singh, wanda ya fi su girman muƙami, a gaban kowa. Ya ce sun je dubiya sau biyu, aka ce yana barci. Na ce ƙarfe goma na safe, mutumin da ke riga zakara tashi. Ya juya shayinsa ya ce harkar gida ce. Wani ya ce ai yaron na ƙoƙari, shi ya gan shi da idonsa ya goya uban. Da na ce zan je ofis da kaina, sai Subedar ya ajiye kofin.

"Kashti, abin da ya fito daga gwamnati zai shiga gidan soja ba a tare shi. Kika tona wannan, gobe gida-gida za su bi da fayil. Kin tabbata kowa a ƙauyen nan takardarsa tsaf take? Taki fa?"

Babu wanda ya kalle ni. Bencin Hawaldar kuwa an ɗora masa buhun albasa.

Ranar da gidan suka tafi dashen shinkafa a gonarsu ta bakin rafi, da rana tsaka na hau benen na zare sakatar. Warin ne ya fara tarbata. Gemunsa ya cika fuska, fari fat. Ga farantin gurasar tamba ta jiya a bakin ƙofa, inda hannunsa ba ya kaiwa sai ya ja ciki. Gwangwanin fitsari ya cika ya tumbatsa. Na ɗaga bargo na ga gyambo biyu a ƙugunsa, ƙafar hagun kuma ta lanƙwashe, diddigen na neman taɓa cinya. Na kama ta zan miƙar, ta tafi kaɗan ta tsaya. Ya cije leɓe bai yi ƙara ba.

Na ce masa ya bari in je in faɗa wa Kanar. Ya ce soja ba ya kai ƙarar ɗansa, kuma ɗaya ke gare shi wanda zai sa wa gawarsa wuta ranar jana'iza, yadda addininmu ya tanada. Na ce to wanda zai ƙona ka ne yake dafa ka tun yanzu. Ya yi kamar bai ji ba.

"Kashti, ɗaga ni."

"Yaya, ba zan iya ni kaɗai ba."

"Ɗaga ni kawai in ga ko kurtu na nan. Sau ɗaya."

Shekaruna sittin da uku, kuma ban fi buhun tamba nauyi ba. Na durƙusa na sa kafaɗata a hammatarsa, ya kafa ƙafar dama, muka yunƙura. Mun kai rabi. Na ji yana cewa hagu, hagu, a kunnena, amma hagun ba ta sauka ƙasa ba, tana rataye. Muka tafi gaba ɗaya, goshinsa ya bugi daɓen ɗakin ya fashe. Ina tsakiyar goge jinin da bakin mayafina Rewati ta shigo, ta dawo ɗaukar abincin 'yan dashe.

Ba ta yi ihu a ɗaki ba. Ta fita baranda inda za a ji ta har rafi. Kafin rana ta faɗi kowa ya san cewa na fasa ɗakin mara lafiya, na kusa kashe shi, kuma an same ni a ƙasa rungume da yayan mijina. Bhupal ya riƙa nuna wa mutane goshin yana cewa kun gani, wannan shi ne abin da muke gudu, shi ya sa ba ma bari ya tashi. Ni da na zo ceto, ni na ba su hujjar da ba su da ita. Aka cire sakata aka sa kwaɗo.

Damina na ja da baya Bhupal ya sake zuwa gidana da takarda da tawada. Shaidar wata shida ce, cewa mai jinya tana nan tana aikinta. Na ce ba zan sa hannu ba. Ya zauna a kan turmina ba tare da an ba shi wuri ba, ya ce babu laifi, ƙanwar Rewati ma tana da yatsa. Sai dai in aka tambayi dalilin canji, dole ya faɗi gaskiya, cewa wadda aka rubuta ta karɓi kaya ta sa hannu amma wata huɗu ba ta leƙa ba, ranar da ta leƙa kuma ta fasa wa tsoho kai. Ya ce bai san yadda ofis ke yi da fanshon gwauruwar da aka kama da irin wannan ba, shi ba ɗan boko ba ne. Na ce wa kaina in na bar sunana a takarda, dole su bar ni in tsaya ranar da Kanar zai dawo, kuma a ranar zan buɗe baki. Da wannan na lallashi zuciyata. Gaskiyar ita ce tsoro na ji. Na dangwala.

Sun zo ana saura mako biyu bikin fitilu, Kanar Pangti da akawunsa da wata likita matashiya mai tabarau. A wannan karon babu wanda ya koya wa Hawaldar komai, babu buƙata. Rewati ta share ɗakin tun safe, ta kunna turare, ta canja bargo. Aka kira ni na tsaya a kusurwa.

Ya ji takalmin a kan matakalar katako. Na ga idonsa ya buɗe sosai. Da hular ta bayyana a bakin ƙofa ya ture bargon, ya kafa gwiwar hannun dama, ya ɗago kai da kafaɗa. Ya lalubi wani abin kamawa, babu. Ya yunƙura ya koma. Ya sake yunƙurawa, jijiyoyin wuyansa suka fito, ya sake komawa. A karo na uku Kanar ya ce masa ya isa, Hawaldar, zauna yadda kake. Sai ya kai hannu goshi daga kwance ya sara, yatsun a kan tabon da na yi masa. Ban taɓa ganin kunya irin wadda na gani a fuskar mutumin nan ba.

"Hawaldar, me ya faru? Akwai matsala?"

Na matso. Na buɗe baki, na ce yallaɓai, tun ranar da kuka tafi. Iyakar abin da na faɗa ke nan, don muryarsa ta rufe tawa, da ƙarfin da ban san ya rage masa ba.

"Babu matsala, yallaɓai. Ɗana yana kula da ni."

Yana faɗa yana kallona, ba Kanar ba. Na koma kusurwata.

Likitar ta durƙusa ta kama ƙafar. Ta ja, ta saki, ta sake ja. Ta duba gyambon, ta duba fayil, ta ce a nan an rubuta wata shida da suka wuce mutumin nan ya yi tafiya da sanda. Ta tambaya wace ce mai jinyar. Bhupal ya nuna ni da hannu biyu, cikin ladabi.

"Ke ce kike zuwa kullum, Inna?"

Takardar na hannun akawu, zanen yatsana sau biyu a jiki. Na ce ni ce.

"To me kike yi wata shida? Ƙafar nan ba ciwo ne ya kashe ta ba, kwanciya ce. Da ana tayar da shi ko sau ɗaya a rana da ba haka ba. Ana biyan ki don ki zauna kina kallonsa?"

Rewati ta sunkuyar da kai ta ce a yi mata haƙuri, tsufa ne, su ma suna faɗa mata. Kanar, wanda ya yaba mini wata shida da suka wuce, ya kalle ni sau ɗaya ya kawar da kai. Likitar ta rubuta abin da za ta rubuta, ta ce jijiyoyin sun ƙandare, ƙafar ba za ta ƙara ɗaukarsa ba. Akawu ya bayyana wa Bhupal cewa tunda haka ne tallafin ya zama na dindindin, ba sai an sake zuwa dubawa ba. Bhupal ya share ido da bakin rigarsa. Ya roƙe su kada su tafi ba su sha shayi ba, Rewati ta riga ta soya abin taɓawa.

Washegari da hantsi na ji motsi a gidansu na leƙa. An cire kwaɗon. Bhupal ya goyo ubansa ya sauko da shi, an fito da gadon igiyar nan mai dogayen ƙafafu an ajiye a tsakar gida, a rana. An yi masa aski. Rewati ta je bayan gida ta kwance sandar daga jikin kabewa, ta goge ta da tsumma, ta jingina masa a gefen gado. Ina ji Bhupal yana faɗa wa masu wucewa cewa damina ta wuce, danshi ya tafi, yanzu Baba zai riƙa shan iska. Ya hango ni ya ɗaga murya ya ce Inna ki shigo mana, ai gidanki ne. Al'adar da ta hana ni taɓa yayan mijina ita ma da alama ta bi damina.

Tamba suka shanya a tsakar gidan, sun kuma sami mai tsaro. Aikin Hawaldar Khushal Singh yanzu shi ne ya buga sanda a ƙafar gado in birai sun sauko. Tsofaffin sojoji suka zo dubiya a ranar, su biyar, Subedar a gaba, suka ce ya yi kyan gani. Suka sha shayin Rewati suka yaba.

Na jira suka watse na je da kwalbar man mastad. Na zauna a ƙasa na ɗora ƙafar a cinyata, na fara murzawa kamar da. Ban san me nake nema ba. Na ce masa ya zagi kurtu mana, ko zai ji kunya ya motsa. Ya ce an sallami kurtu. Ya janye bargo ya rufe ƙafar, a hankali, yadda ake rufe wanda ya mutu.

Ina jin haushin Bhupal da matarsa har cikin ƙashina, kuma ba zan daina ba. Gwamnati ta ware kuɗi don a ɗaga tsoho, suka karɓa don su kwantar da shi, kuma babu doka ɗaya da za ta kama su, don ba su doke shi ba, ba su hana shi abinci ba, gado kawai suka ɗauke. Ina jin haushin masu zaman benci da suka san komai suka zaɓi shayi. Ina jin haushinsa shi ma, da ya iya tsayawa gaban harsashi amma ya kasa faɗin kalma ɗaya a kan ɗan da ya haifa. Wanda na fi jin haushi kuwa ina ganinsa kullum in na ɗaga hannu zan ci abinci. Tawadar ta fita daga babban yatsan nan tuni, amma wata shida na cika Bhupal zai sake zuwa da takarda.

Da na tashi tafiya Hawaldar ya kira ni. Daga inda yake kwance ana ganin matakalar dutsen har zuwa titi, an fara jera mata fitilun biki. Bai kalli wajen ba. Ya miƙo mini sandar da hannunsa mai lafiya.

"Ki mayar da ita jikin kabewar, Kashti. Na ga yaɗon ya faɗi ƙasa, shi zai iya tashi."